Muhawara

muhāwarā (suna, mace, jam'i: *muhawarori*). Daga Larabci. Karawa da baki tsakanin ɓangarori biyu kan batu ɗaya, gaban alƙalai masu ba da maki. Ba gardama ba ce: mai gardama ɗaga murya yake, mai muhawara kuwa hujja yake kafawa, kunnensa na kan abokin karawa, yana jiran inda zai yi tuntuɓe. A makarantun sakandaren Bibemi da Garwa, arewacin Kamaru, da Faransanci aka fi tafka ta, sai an tashi a ƙarasa musun da Fulatanci ko Hausa a gindin darbejiya. Misali: *Malam, haddace jawabinsa ya yi, tambaya ɗaya ta kayar da shi a muhawarar.* Duba: *mahawara, musu, muƙabala.*