Celeron da 'yan uwansa: tarihin furosesan talaka daga 1998 zuwa yau

1/ Ka tara kuɗi wata da watanni, ka shiga kasuwa aka miƙo maka laftof siririya fes, aka ce "sabuwa ce dal, kuma Intel ce." Ka kai gida ka buɗe Chrome da Word, ta fara nishi. Sau da yawa amsar tana jikin 'yar sitikar nan da ba ka karanta ba: Celeron. Ku matso mu bi tarihinsa. Zare 🧵

2/ Wajen 1997 aka fara sayar da kwamfutoci ƙasa da dala 1,000 a Amurka. AMD da Cyrix suna ta cin wannan kasuwar, shi kuwa Intel yana can sama da Pentium II mai tsada. Da ya ga za a ƙwace masa masu ƙaramin ƙarfi, a Afrilun 1998 ya fito da Celeron na farko mai gudun 266MHz.

3/ Dabarar mai sauƙi ce: Pentium II aka ɗauka aka cire masa kash na mataki na biyu, wato L2. Mene ne kash? Ka ɗauki mai shayi. Madara da sukarin da ke kan teburinsa su ne kash, shagon da yake saro kaya shi ne RAM. To an kwashe masa rabin kayan tebur, kullum yana hanyar shago. Haka Celeron na farko ya zama abin tsokana.

4/ Wata huɗu kacal Intel ya gyara kuskurensa. A Agustan 1998 Celeron 300A ya fito da kash 128KB. Kaɗan ne idan ka gwada da 512KB na Pentium II, amma shi nasa a cikin furosesan yake, yana gudu daidai da shi. Na Pentium II a gefe yake, a rabin gudu.

5/ Nan fa matasa suka gano wata ɓaraka. Gudun 300A lissafi ne: 66MHz na madabod sau 4.5. Idan ka ɗaga madabod zuwa 100MHz, sai ya koma 450MHz, kuma da yawansu suna ɗauka lafiya lau. Ka ga ɗan talaka ya kamo Pentium II 450, wanda ya ninka shi kuɗi nesa ba kusa ba. Har gobe tsofaffin hannu na ba da labarinsa.

6/ A Yunin 2000 AMD ya mayar da martani da Duron, ƙanin Athlon. L2 ɗinsa 64KB ne kawai, amma yana da L1 128KB da hanyar bayanai mai sauri, don haka ya riƙa ba Celeron na lokacin kashi. Har da fensir ake buɗe shi, wallahi: a goga a kan wasu 'yan layuka da kamfani ya yanke a jikinsa, baƙin fensirin ya sake haɗa su, sai ka ƙara masa gudu. A 2004 Sempron ya gaje shi.

7/ Zamanin Pentium 4 kuwa Celeron ya sha kunya. Na 2002 ya fara da 1.7GHz, lamba ƙatuwa, amma kash 128KB ya yi wa wannan ƙirar kaɗan ƙwarai. Darasi na farko: yawan GHz kaɗai ba ya nuna ƙarfi. Sannan Celeron D na 2004, harafin D ɗin nan ya ruɗi mutane, sun ɗauka ƙwayar aiki biyu gare shi. Ɗaya ce tal. Celeron mai ƙwaya biyu sai a 2008, wato E1200.

8/ A laftof kuma akwai Celeron M. Shi abin da aka cire masa shi ne SpeedStep, fasahar da ke rage gudu idan ba a aiki don a tanadi batir. Ka sayi arha, ka biya da caji.

9/ Pentium fa? Sunan da ya fito a 1993 yana sarki. Da Core 2 ya zo a 2006 aka tuɓe masa rawani, daga 2007 ya koma layin masu arha, sama da Celeron kaɗan. Duk da haka ya yi jarumai: G3258 na 2014 da aka bar shi a buɗe don ƙarin gudu, da G4560 na 2017 mai ƙwaya biyu da ke jan layin aiki huɗu. AMD ma ya yi haka da sunan Athlon: 200GE na 2018, dala 55.

10/ Yanzu ga inda labarin ya shafe ka. A 2008 Intel ya fito da Atom, ɗan ƙaramin furosesa mai shan wuta kaɗan, na ƙananan laftof. Sunan ya yi baƙin jini saboda nawa. Daga 2013 sai aka riƙa ɗaukar zuriyar Atom ana liƙa musu sunan Celeron da Pentium. Alamarsu a laftof harafin N: N3060, N3350, N4000, N4020, N4500.

11/ Waɗannan da na lissafa duk ƙwaya biyu ne, wat 6. Batir na jimawa, ba zafi, wasu ko fanka babu. Amma an narke su a jikin madabod, ba a canzawa, kuma galibi da RAM 4GB da ma'ajiyar eMMC 32GB ko 64GB ake haɗo su. Rubutu da kallo, babu laifi. Editin bidiyo ko AutoCAD? Haba malam.

12/ A Satumban 2022 Intel ya sanar zai ajiye sunan Celeron da Pentium a laftof daga 2023. Magajinsu "Intel Processor" kawai ake ce masa, irin su N100: ƙwaya huɗu, har 3.4GHz, wat 6. Gaskiya ya fi N4020 nesa, kada ka haɗa su don ka ga N.

13/ Abin da shekara 25 ɗin nan suka koya mana: furosesan arha kusan kullum babban ne aka rage wa wani abu, ko kuma ƙaramin ne aka sa wa babbar riga. Aikinka shi ne ka san me aka rage.

14/ Kafin ka miƙa kuɗi, buɗe Task Manager ka karanta cikakkiyar lambar. Core i5-8250U na 2017, ko da gwanjo ne, ƙwaya huɗu gare shi da layi takwas, ya fi sabon N4020 aiki. Sannan Windows 10 ya daina samun tallafi na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, kuma N3060 da N3350 ba sa cikin jerin da Windows 11 ya amince da su.

15/ Wane furosesa ne a kwamfutarka ta farko? Ku ajiye lambar a ƙasa mu ga 'yan zamanin Celeron D. Wanda kuma ka san yana shirin sayen laftof ta makaranta, tura masa tun bai biya ba.