Shin Ka San Asalin Django?

Duk sanda ka buɗe Instagram, akwai manhajar da ke aiki a bayan fage, da Django aka gina ta.

A 2003, a jaridar Lawrence Journal-World ta Amurka, Adrian Holovaty da Simon Willison suka gaji da fara kowane shafi daga tushe, ga shi labari ba ya jira. Sai suka haɗa harsashi ɗaya suna ɗora ayyukansu a kai. A 2005 aka sake shi kyauta.

Yau ko daga Hotoro, girka Python da Django, rubuta django-admin startproject shago, harsashinka ya tashi. Amma fa kafin ka ɗora a intanet, mayar da DEBUG zuwa False, kada baƙo ya leƙa sirrin aikinka.