Ina Mai Kallo Zai Zauna? Waiwaye Kan Tarihin Wasan Kwaikwayon Hausa



A makon nan wasan kwaikwayo za mu taɓa. Duk lokacin da muka zauna kansa, maganarmu ba ta wuce jigo da zubi da taurari. Ba kasafai muke tambayar inda mai kallo zai ajiye jikinsa ba: a tsaye yake ko a zaune, a tabarma ko a benci, rana ke dukansa ko sanyi. Alhali idan muka bi tarihi za mu ga cewa mazaunin mai kallo ya daɗe yana yanke wa wasanninmu tsawonsu da irin maganar da ke cikinsu.

Mu fara da dandali. A garuruwanmu na ƙasar Zazzau, har da nan yankin Makarfi da Kudan da Ikara, idan an kawar da amfanin gona samari kan shirya kalankuwa. Sai su naɗa nasu sarki da alƙali da dogarai, su riƙa kwaikwayon manya, jama'a na dariya. Masu kallo kewaye filin suke yi: yara a gaba a ƙasa, dattawa a kan tabarmi da buzaye, mata a gefensu, samari a tsaye daga baya. Babu ƙofa, babu kuɗin shiga. Wanda ya gaji sai ya kaɗe rigarsa ya tafi, ba mai ce masa don me. Saboda haka dole wasan ya zo gutsure-gutsure, da kiɗa da waƙa da amshi, yadda wanda ya iso yanzu zai kama zaren, wanda ya daɗe kuma ba zai ƙosa ba. Tashe ma haka yake, sai dai shi wasan ne ke bin mai kallo har ƙofar gidansa idan azumi ya kai kwana goma. Cikin 'yan mintoci an yi an gama, an karɓi sadaka, an wuce gida na gaba.

Da boko ya zo sai zama ya canja. Dokta R. M. East ya fitar da Six Hausa Plays domin 'yan makaranta, sannan a 1949 Abubakar Tunau ya fito da Wasan Marafa. Wasa ya bar fili ya shiga aji da zauren taro. Aka jera bencina sahu-sahu suna fuskantar gaba, aka ajiye kujeru masu majingina a sahun farko domin hakimi da manyan baƙi. Ɗalibin da ke bayan zaure ba shi da ikon tashi, domin malami na tsaye a bakin ƙofa. A ganina daga nan muka gaji doguwar nasiha a bakin tauraro guda. Marubuci ya sami masu kallon da ba za su iya guduwa ba, sai ya saki jiki.

Sai kuma rediyo, kuma a nan ne ɗan garinmu ya shigo. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi an fara jin su ne a gidan rediyo a Kaduna kafin su zama littafi: Zamanin Nan Namu a 1959, Jatau Na Kyallu a 1960. Mai sauraron rediyo ya fi kowa samun wurin zama. Yana kishingiɗe a zaurensa ko a bencin mai shayi, yana iya juyawa, yana iya miƙe ƙafa, yana cin goronsa. Shi ya sa hira ta yalwata a waɗannan wasanni, da habaici da karin magana da ja-in-ja mai tsawo, domin kunne kaɗai ake ciyarwa. Labarin attajirin da ya ƙi jin shawara ya auro Kyallu har dukiyarsa ta salwanta, da baki aka gina shi, kuma ya ginu. Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne mu karanta irin wannan littafi a makaranta, mu ɗauki tsawon hirarsa mu ɗora a kan dandamali, mu manta cewa namu mai kallon a kan katako yake zaune.

Wurin da aka zauna aka yi wa wannan tambaya tunani sosai shi ne Samaru. A 1975 Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello. Maimakon a gina zaure irin na Turai mai labule da kujeru a jere, sai shi da wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Steven Ehrlich, wanda ke koyarwa a jami'ar a lokacin, suka koma ga ginin Bahaushe. Tsakanin 1975 da 1976 aka tayar da gidan wasan da ƙasa, aikin magina na gargajiya: ɗakuna zagayayyu masu rufin ciyawa, katanga ta haɗa su, tsakiya kuma fili ne a buɗe kamar tsakar gida. Wurin ne ake kira Drama Village. An tsara shi yadda za a iya yin wasa a tsakiya jama'a su kewaye, ko a yi shi a gefe guda su fuskanto shi.

Abin da wannan gini ya yi shi ne dawo da mai kallo kusa da ɗan wasa, kamar yadda yake a kalankuwa. Kana ganin zufar ɗan wasa, kana kuma ganin fuskar wanda ke zaune a ɗaya gefen, idan ya yi hamma kowa ya gani. Amma kowane allazi da nasa amanu. Filin da ba rufi yana hannun sama: da damina hadari na iya tashi ana tsakiyar wasa, da hunturu kuwa duk wanda ya san daren Samaru a watan Disamba ya san sai da bargo. Ginin ƙasa kuma yana son yaɓe a kai a kai. Mai rubuta wasa domin irin wannan wuri ba shi da labulen da zai ɓoye a bayansa, ba shi kuma da kujera mai laushi da za ta riƙe masa mutane. Malamai da ɗaliban wurin ba su tsaya nan ba, sun fita da wasa zuwa ƙauyuka. An yi Wasan Manoma a Soba a 1977, daga baya aka yi aiki a Bomo, inda manoma suka kalli matsalolinsu a nasu dandalin, suna sa baki ana cikin wasa.

Ba mu kaɗai muka koma ga tsohon gini ba. A Landan akwai gidan wasan Globe, inda aka nuna wasannin Shakespeare. An gina na asali a 1599, ya ƙone a 1613. A wancan zamani mai dinari ɗaya na kuɗinsu a tsaye yake kallo a fili, wanda ya ƙara ɗaya ya sami benci, wanda ya sake ƙarawa ya sami matashi. A 1997 aka buɗe sabon Globe kusa da inda tsohon yake, da katako da rufin ciyawa, tsakiya a buɗe. Har yau mutum kusan 700 kan tsaya a filin, ko ana ruwa, masu zama kuma kan yi hayar matashi saboda taurin benci. Idan ka duba wasannin da aka rubuta wa masu tsayuwar nan za ka ga ba a barin su su huce: bayan zance mai nauyi sai barkwanci, ko faɗa, ko waƙa.

Ni da kaina sai da na sha kafin na gane. Wasana na farko an nuna shi ne a bikin yaye ɗalibai na wata makaranta a yankinmu. Zauren rufin kwano ne, bencina ba majingina, lokaci kuma bayan azahar. Na ba uban yaro jawabin nasiha shafi uku cur, ina ji a raina nan ne zuciyar wasan. Kafin ya kai rabi 'yan baya sun fara zamewa, mata na fifita da mayafi, wani yaro ya yi barci ya faɗo daga benci, dariyar da aka yi masa ta fi duk wadda aka yi wa wasan. Da muka fito kawuna ya dafa ni ya ce, "Ɗan nan, maganarka da ma'ana, amma bayana ya riga kunnena gajiya." Laifin ba na benci ba ne. Na san zauren, na san lokacin, ban sa su a lissafi ba.

Don haka kafin ka rubuta fitowa ta farko, ka je wurin da kake fatan a nuna wasan. Ka zauna a sahun ƙarshe, a daidai lokacin da za a yi shi, ka duba agogo ka ga minti nawa za ka yi kafin ka fara gyara zama. Wannan shi ne awon fitowarka mafi tsawo. Ka karanta hirar da ƙarfi kana tsaye, duk inda ƙafarka ta fara neman kujera ka sa alama. Idan filin makaranta ne ko ƙofar fada, ka bar wa jama'a gurbin amsawa, domin za su amsa ko ka bari ko ba ka bari ba. Idan kuwa na rediyo ne ko na waya, to wannan wani zama ne daban, da nasa awo.

Wanda ya taɓa kallon wasa a Samaru, ko aka taɓa nuna nasa a wani wuri, ya ba mu labarin inda ya zauna da yadda ta kaya. Allah Ya ƙara mana basira, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.