Daga Riyo Zuwa Faris: Tarihin Saɓani Kan Rage Hayaƙin da Ke Dumama Duniya

Tun a shekarar 1992, sa'ad da shugabannin duniya suka hallara a birnin Riyo na ƙasar Brazil, aka yi ittifaƙi cewa hayaƙin kwal da man fetur yana taruwa a sararin samaniya yana tsare zafi, kuma wajibi ne a rage shi; amma mas'alar da ta gagari masu mahawara har ya zuwa yau ita ce wane ne zai ɗauki nauyin ragewar, kuma gwargwadon nawa.

A Disambar 1997, a birnin Kyoto na Japan, aka farlanta wa ƙasashe masu masana'antu su rage kimanin kashi 5 cikin 100 na abin da suke fitarwa a 1990, aka ɗauke wa irin su Sin da Indiya, bisa hujjar cewa wanda ya shafe fiye da ƙarni guda yana ƙona kwal har ya yi arziki, shi ya cancanta ya fara. Ni dai ban ga abin da zai rushe wannan hujja ba. Sai dai tun kafin a zauna, majalisar dattawan Amurka ta riga ta zartar, da ƙuri'a 95, babu ko ɗaya da ya saɓa, cewa ba za ta lamunci yarjejeniyar da ta bar ƙasashe masu tasowa babu sharaɗi ba; a 2001 Shugaba Bush ya juya wa yarjejeniyar Kyoto baya ɗungurungum, ba ta kuwa fara aiki ba sai a 2005, bayan amincewar Rasha.

Gab da taron Kopenhegan na 2009, Shugaba Mohamed Nasheed na tsibiran Maldives ya tara ministocinsa a ƙarƙashin teku, sanye da kayan nutso, suna magana da ishara, domin duniya ta ga halin da ƙasarsu za ta shiga idan ruwa ya ci gaba da tasowa. Duk da haka aka watse ba da yarjejeniya mai ɗaure kowa ba, illa alƙawarin tara wa ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 kowace shekara nan da 2020.

A Faris, cikin 2015, aka sami daidaito cewa ƙarin zafin kada ya kai digiri 2, a kuma yi ƙoƙarin tsayar da shi a 1.5, amma adadin ragewa ya sauka daga matsayin farilla ya koma nafila, kowace ƙasa tana yanka wa kanta abin da ta ga za ta iya. Kuɗin nan da aka yi alƙawari a Kopenhegan kuwa, waɗanda Afirka ta zuba wa ido alhali hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, ba su cika ba sai a 2022, kuma akasarinsu bashi ne da za a biya.