Gafaka: jakar fata ta iyaye da kakanni

Gafaka jakar fata ce mai marfi da maratayi, wadda malamai da almajirai ke ajiye Alƙur'ani a ciki. A ƙauyukan Magarya da Dungas, cikin jihar Damagaram, har yau akan ga gafakar kaka a kafaɗar jikansa.

Aikin na mutum biyu ne. Majemi shi ke jiƙa fatar akuya cikin ruwan toka don gashi ya saki, ya kankare ta, ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, sannan ya shafe ta da mai har ta yi laushi. Daga nan sai baduku ya karɓa, ya rina ta ja da karan dafi, ya yanka, ya huda da basilla, ya ɗinke da zaren fata.

Fatar jar akuya irin ta Maraɗi da Sakkwato ta fi daraja. Ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko.

To jama'a, a kula wajen fiɗa, musamman ranar Layya: huji ɗaya na wuƙa ya isa ya karya kuɗin fata. Mai saye kuma ya shinshina, don ta gaske tana ƙamshin jima, ta roba kuwa ba ta daɗewa sai ta fara ɓarewa.