Littattafan Fasahar Sin da Tarihin Ginin Tukwane a Abuja

Tarihin cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wadda aka buɗe a 1952 kuma ta fito da maginiya Ladi Kwali ga idon duniya, akan bayar da shi ne a matsayin haɗuwar sana'ar matan Gbagyi da fasahar wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, amma akwai ɓangare na uku da ba a cika ambatonsa ba, wato ƙasar Sin, domin shafen gilashin da ke sheƙi a jikin tulunan cibiyar da kuma tsananin wutar da ake gasa su da ita duk gado ne na maginan daular Song, wadda ta mulki Sin daga 960 zuwa 1279. Hanyar da wannan gado ya biyo har ya iso Abuja ita ce ta littattafai, musamman waɗanda attajiran Turai da Amurka masu tara kayan tarihin Sin suka kashe dukiya wajen bugawa da adanawa a ɗakunan karatunsu, waɗanda a yau sun yi wuyar samu sai a manyan jami'o'i ko wuraren gwanjon kayan tarihi.

Mutanen Sin su ne suka fara rubuta ilimin wannan sana'a tasu. A 1388 wani masani mai suna Cao Zhao ya wallafa Gegu Yaolun, jagora ga mai son rarrabe tsofaffin kaya na asali daga na jabu, a 1637 kuma Song Yingxing ya fitar da Tiangong Kaiwu, wanda ya bayyana sana'o'in ƙasar tare da zane-zanen magina a bakin aikinsu, sannan a 1774 Zhu Yan ya rubuta Tao Shuo, wanda ya keɓe shi kacokan ga tarihin tukwane da tangaran. Tangaran shi ne farin kwano mai santsi da ake yi da farar ƙasa ta musamman mai suna kawolin, a haɗa ta da garin wani dutse, a gasa har jikin ya zama kamar gilashi, kuma Turawa sun daɗe suna sayensa da tsada ba tare da sanin sirrinsa ba. Cikakken bayani na farko da ya isa gare su a rubuce ya zo ne cikin wasiƙu biyu da wani limamin Kirista ɗan Faransa, d'Entrecolles, ya aika a 1712 da 1722 game da Jingdezhen, birnin da ya shahara da wannan sana'a.

A ƙarshen ƙarni na 19 ne tara kayan Sin ya zama abin alfaharin masu hannu da shuni, kuma al'adarsu ita ce idan mutum ya tara kaya masu yawa sai ya ɗauki masani ya rubuta masa kundin bayaninsu ɗaya bayan ɗaya. Kundin da ya fi shahara a wancan zamani shi ne Oriental Ceramic Art na 1897, wanda Stephen Bushell, likitan ofishin jakadancin Birtaniya a Beijing, ya rubuta a kan kayan William Walters na Baltimore a Amurka, aka buga shi juzu'i 10 da hotuna masu launi 116, kuma kwafi 500 kacal aka yi. Ƙarancin kwafi da tsadar hotuna su ne suka sa irin waɗannan littattafai suka zama abin nema tun daga ranar fitowarsu. Bushell ɗin nan shi ne kuma ya fassara Tao Shuo zuwa Ingilishi, aka buga fassarar a 1910 bayan rasuwarsa.

Daga farkon ƙarni na 20 sha'awar masu tarawa ta sauya, saboda aikin shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa a arewacin Sin ya tono tsofaffin kaburbura, kayan daulolin Tang da Song suka fito kasuwa, kuma aka ga cewa sun sha bamban da tangaran mai yawan ado da aka saba gani, domin kyansu yana cikin sauƙin siffa da zurfin launi guda. George Eumorfopoulos, wanda ya shugabanci ƙungiyar masu nazarin tukwanen Gabas da aka kafa a Landan a 1921, ya tara irin waɗannan kaya, R. L. Hobson na gidan tarihin Birtaniya kuma ya rubuta kundinsu juzu'i 6 tsakanin 1925 da 1928. Sir Percival David, wanda ya jagoranci shirya babban baje kolin fasahar Sin na Landan a 1935 zuwa 1936, ya tara kaya kimanin 1,700 tare da ɗakin karatu na tsofaffin littattafan Sin da na Turai, ya miƙa su ga Jami'ar Landan, aka buɗe gidauniyarsa a 1952, shekarar da cibiyar Abuja ta fara aiki. Kayan suna gidan tarihin Birtaniya tun 2009, littattafan kuwa suna makarantar nazarin Gabas da Afirka ta jami'ar.

Wanda ya fitar da wannan ilimi daga ɗakunan attajirai ya kai shi hannun masu sana'a shi ne Bernard Leach, wanda aka haifa a Hong Kong a 1887, ya koyi ginin tukwane a Japan, ya zauna a Beijing na ɗan lokaci, sannan ya kafa masana'antarsa a St Ives da ke Ingila a 1920 tare da Shoji Hamada. A littafinsa A Potter's Book na 1940 ya kafa hujjar cewa kayan daular Song su ne ma'aunin da ya kamata kowane magini ya auna aikinsa da shi. Almajirinsa na farko, Michael Cardew, ya je wurinsa a 1923, daga baya ya yi aiki a Achimota da Vume a ƙasar Gana ta yanzu tsakanin 1942 da 1948, kafin gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi jami'in kula da sana'ar tukwane a Nijeriya a 1950.

Abujar da Cardew ya tarar ita ce garin da ake kira Suleja a yau, masarautar da Haɓen Zazzau suka kafa bayan da mayaƙan jihadi suka fitar da Sarki Muhammadu Makau daga Zariya a farkon ƙarni na 19, inda ɗan'uwansa Abu Ja ya gina garin a 1828 kuma aka sa masa sunansa. Sarkin lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, shi ma mai tara kayan fasaha ne, sai dai abin da ya tara tulunan matan ƙasarsa ne, kuma a gidansa Cardew ya fara ganin aikin Ladi Kwali. Goyon bayan sarkin, da wadatar yumɓu da itace da ruwa, da ƙwarewar maginan yankin, su suka sa aka zaɓi Abuja.

An haifi Ladi a wajen 1925 a garin Kwali, wanda a yau yake hedikwatar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Babban Birnin Tarayya, kuma ta koyi sana'ar tun tana yarinya a wurin wata 'yar'uwar iyayenta. A tsarin matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, maginiya takan ɗora curin yumɓu a ƙasa ta huda tsakiyarsa, ta riƙa jan gefensa sama tana zagaya shi da ƙafa, tana murza yumɓu a tafin hannu kamar igiya tana ƙarawa a baki har tulu ya tashi, sannan ta goge shi, ta mirgina guntun igiya ko sassaƙaƙƙen itace a kafaɗarsa don ya bar sawu a jere, ta kuma zana ƙadangare ko kunama ko kada ko kifi da tsinin wuƙa. Idan tukwanen suka bushe sai a tara su a fili, a rufe da itace da ciyawa a cinna wuta, wadda zafinta ba ya kan wuce digiri 900, a yayyafa musu makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, tun suna da zafi. Tulun da aka yi haka ba shi da nauyi, jikinsa yana tsattsafo da ruwa kaɗan kaɗan, kuma wannan tsattsafo ne yake sanyaya abin da ke ciki.

Cardew ya yarda cewa waɗannan tukwane sun dace da aikin da aka yi su dominsa, saboda haka manufar cibiyar ita ce samar da faranti da kofuna da butocin shayi masu shafen gilashi ga ma'aikata da 'yan boko da ke ƙaruwa a birane. Wannan yana buƙatar faifan juyi, wanda magini ke juyawa da ƙafa yana siffanta yumɓu a kansa, da rufaffen tanderu na bulo mai cin itace da zai kai digiri 1,200 zuwa 1,300, zafin da ke sa yumɓu ya ƙanƙame ya zama kamar dutse. Shafen gilashi kuwa garin duwatsu ne da toka da yumɓu da ake damawa a tsoma kaya a ciki, idan ya sha wuta ya narke ya zama fatar gilashi. Abin da maginan Song suka ƙware a kai, littattafai kuma suka adana, shi ne cewa ƙarfen da ke cikin wannan haɗi shi ke juya launi: idan kaɗan ne kuma aka rage wa tanderu iska sai ya ba da kore mai ruwan toka, wanda ake kira seladon, idan kuma da yawa ne sai ya ba da baƙi mai ratsin ja, wanda Japanawa suka sa wa suna tenmoku. Cardew da ma'aikatansa, ciki har da Kofi Athey ɗan Gana, sun nemo kayan haɗin a cikin ƙasa, da suka haɗa da tokar itace da duwatsun yankin da kawolin na tudun Jos.

A watan Disamba na 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar a matsayin mace ta farko, ta koyi aiki da faifan juyi, amma sunanta ya fito ne ta tulunan da ta ci gaba da ginawa da hannu bisa tsarin Kwali, sai dai da yumɓun da ke jure babbar wuta. Takan cike layukan zanenta da farin kawolin, a bi da shafe mai bayyana abin da ke ƙasa, ta yadda ƙadangaren Gbagyi kan fito fari a ƙarƙashin gilashin da asalinsa na Sin ne. Wannan haɗi ya zo da sakamakon da ya sauya matsayin tulun baki ɗaya, domin ya yi nauyin da mace ba za ta ɗauke shi zuwa rafi ba, jikinsa ya toshe ya daina sanyaya ruwa, farashinsa kuma ya fi ƙarfin mutanen ƙauye, saboda haka ya tashi daga kayan amfanin gida ya koma kayan kallo. Wasu matan, irin su Halima Audu da Lami Toto da Kande Ushafa, sun biyo sahunta, suna aiki a sashen da ake kira Ɗakin Gwari.

Burin samar da masana'antu a birane bai cika ba, domin ƙananan rassan da aka gwada a Sakkwato da Kano ba su ɗore ba, kuma kwanukan langa masu araha, waɗanda 'yan kasuwar Hong Kong suka riƙa shigowa da su kafin su kafa masana'antunsu a Nijeriya, su ne suka cika ɗakunan amare. Kasuwar Abuja ta zama ta Turawa mazauna ƙasa da masu tara kayan fasaha a waje, musamman bayan baje kolin da aka yi a Berkeley Galleries na Landan a 1958 da 1959 da 1962. Cardew ya bar aiki a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi, kuma a 1969 Cardew ya fitar da Pioneer Pottery, wanda ya tattara abin da ya koya a Afirka ta Yamma game da yin tukwane da kayan da ƙasa ta bayar. Ladi ta zagaya Amurka tana nuna sana'arta a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta 1984, an sa wa cibiyar sunanta, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20.

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Babban Birnin Tarayya, sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja a jihar Neja, don haka tarihin sana'ar ya rabu tsakanin hukumomi biyu, cibiyar a Suleja, garuruwan maginan irin su Kwali da Ushafa a cikin birnin tarayya. Tulunan Ladi suna gidan tarihin Victoria da Albert a Landan, da gidan fasahar Afirka na Smithsonian a Washington, da Jami'ar Aberystwyth. Littattafan da suka shafi yankin, kamar tarihin Abuja na Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi da aka fitar da fassararsa ta Ingilishi a 1952, da kundin Nigerian Pottery na Sylvia Leith-Ross na 1970 a kan tukwanen gidan tarihin Jos, su ma sun shiga sahun tsofaffin bugu masu wuyar samu.

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne cewa ilimin maginan Song ya rayu shekaru ɗaruruwa ya kuma ƙetare nahiyoyi saboda an samu waɗanda suka rubuta shi, da waɗanda suka sa dukiyarsu suka buga, da waɗanda suka ajiye littattafan inda mai nema zai same su. Sana'ar matan Gbagyi ta cancanci irin wannan hidima, kuma nauyin ya rataya ne a wuyan Jami'ar Abuja da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da masarautar Suleja da masu hali na birnin, su sake buga tsofaffin littattafan, su yi cikakken kundin tulunan Ladi Kwali da na abokan aikinta, su kuma rubuta ilimin tsofaffin maginan Kwali da Ushafa cikin harsunan Hausa da Gbagyi tun masu shi suna raye.