Lalacewar Tsakiyar Gani a Tsufa

Lalacewar tsakiyar gani cuta ce da ke kama makula, ɗan wuri a tsakiyar bangon ido na baya, galibi bayan shekara 50. Mai ita yana ganin gefe-gefe, amma fuskar mutum da rubutun allo su dushe masa, miƙaƙƙen layi ya karkace. Akwai busasshiya mai tafiya sannu, akwai mai tsatsar ruwa daga jijiyoyi, wadda allura a ido kan rage ɓarnarta in an zo da wuri. Shan taba na ƙara haɗarinta.

An fi sanin yanar ido, wadda tiyata ke cirewa; lalacewar tsakiyar gani kuwa cire yana ba ya maganinta. Ana duba ta a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.